Ɓarawon da Ya Rufe Shinkafa da Faifai

Ranar Talata bayan la'asar, kasuwar Mafara ta fara watsewa, Hanifa ta dawo daga bakin babban titi inda sabis ɗin waya ya fi kamawa. Ta laluba saman ƙofa ta ɗauko makulli, ta buɗe ɗakin da take aiki a ciki, sai ta ga tabarma tsirara. Farin ƙyallen da ya yi wata takwas shimfiɗe a kanta, yadi uku cif, babu shi babu alamarsa.

Ta ajiye kuka sai an jima. Ta kira Sufeto Nasidi.

Sufeto Nasidi ya shekara talatin da uku cikin kaki. In aka matsa masa ya faɗi babban binciken da ya taɓa kammalawa, yakan ambaci wani jaki da aka sace a Birnin Tudu, wanda ya dawo gida da ƙafarsa ana cikin rubuta ƙara. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki, ko da yake gwiwoyinsa sun riga shi ajiyewa. Amma mahaifin Hanifa, marigayi Abdulmumini, abokinsa ne tun suna firamare a Kaya. Har yau in ya rufe ido yana jin muryar Iya Lantana, mahaifiyar Abdulmumini, tana ƙwala kira daga bayan danga, "Abdulmumini! Abdulmumini!", su biyun kuma suna ɓoye a kan tsamiya. Saboda haka ya buga babur ɗinsa sau tara, a na goma ya tashi.

"Sannu da zuwa, Baba Sufeto."

"Sannu ɗiyata. Mi anka ɗauka?"

"Taswirata."

"Ta gona?"

"Ta wasa."

Nasidi ya cire hula ya sosa inda gashi yake a da. Hanifa ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa mai jinya. Ita da abokan karatunta uku, Anas a Bakura da wasu biyu a Kaduna, suna ƙera wasan da ake bugawa ta intanet. Mutum huɗu ke shiga, kowa ya fara daga kusurwa ɗaya ta ƙasa da 'yan bukkoki. Kowa na buƙatar gona, da itace, da dutsen gini, da makiyaya, da ɗan zinariya. Wanda ya iya tattalin abin da ke kusa da shi, ya kuma san lokacin da zai nemi na nesa, garinsa ne zai bunƙasa ya ci wasa.

"Wato," in ji Nasidi, "abin da muke yi tun kaka da kakanni muna kuka, shi kunka mai da wasa."

"Kusan haka, Baba."

Aikinta shi ne zana ƙasar. Ta ɗauki tsakanin Bakura da Mafara da Maradun, yadda take kafin a yi madatsar ruwa, ta rarraba albarkatu yadda babu wanda za a cuta. Takarda na yagewa, wuta kuma ba ta jiran kowa, shi ya sa ta zana a kan ƙyalle. Tana aza ƙwayar shinkafa inda fadama take, gutsuren kanwa inda shanu ke kiwo, gawayi a madadin daji, tsakuwa a madadin dutse, ƙananan duwatsun ado rawaya a madadin zinariya. In ta gamsu da wuri, sai ta ɗiga alamarsa da biro a ƙarƙashi. Rabin arewa kaɗai ta shigar cikin kwamfuta. Ranar Litinin za su aika wasan zuwa gasar matasa masu ƙira, shigar da sauran rabin kuma aikin kwana huɗu ne.

"In ban same shi zuwa Alhamis ba, mun fita. Ba ni kaɗai ba, mu huɗu."

Nasidi ya tuɓe takalmi ya shiga. Kwamfuta na nan a kan benci. Batirin sola na nan. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, an ma mayar da makulli inda aka same shi. A lungun ɗaki an tara gawayi da tsakuwa da duwatsun rawaya wuri guda, da sawun tsintsiya a bayansu, layi bisa layi kamar an tsefe ƙasa. A kan taga kuma akwai faifai a kife. Ya ɗaga. Ƙoƙo uku ne a ƙarƙashi: ɗaya kanwa, ɗaya farar shinkafa, ɗaya jar shinkafa.

"Ke kinka raba su?"

Hanifa ta leƙa. "A'a. Ni ban ma san iri biyu ba ne. Cikin gwangwani ɗaya na ɗebo su."

Ya ƙulla kaɗan daga farar shinkafar da jar a hankicinsa, ya haɗa su, ya sa a aljihu.

Saude, mahaifiyar Hanifa, ta amsa tambayoyinsa daga bakin ƙofar tsakar gida. Ita ta tafi kasuwa da azahar. Hanifa ta fita kafin nan. Iya Lantana, wadda ta yi mako biyu a gidan tana karɓar maganin ƙafa, ta yi sallama tun da hantsi ta nufi tasha za ta koma Kaya. Gida ya zauna babu kowa kamar awa biyu.

"Wa ya taɓa nuna yana son ƙyallen nan?"

"Akwai wani Mas'udu na Maradun, mai sayen zinariya," in ji Saude. "Sau biyu yana zuwa, wai a sayar mishi. Na ce mishi ko buhun kuɗi ya kawo ba ta sayarwa."

"Wa kuma ya taɓa nuna ba ya son shi?"

Hanifa ta sunkuyar da kai. "Jiya mun yi faɗa da Anas a waya."

Washegari da safe Nasidi ya kama hanyar Bakura. Ya sami Anas a shagonsa na gyaran waya, siriri mai tabarau, wayoyi sun fi talatin a jere suna shan caji kamar 'yan awaki a jikin uwa.

"Ina kake jiya tsakanin azahar da la'asar?"

"Nan, ranka ya daɗe. Ka tambayi duk layin nan."

"Zan tambaya. Mi ya haɗa ka da Hanifa?"

Anas ya ture tabarau sama. "Tsakiyar taswira. Akwai wani ƙauye da ta sa a wurin, Tungar Nagode. Garin kakarta ne na asali, ita tsohuwar ma ta riƙa faɗa mata inda komai yake. Ga fadama, ga falalen dutse, ga daji, ga kiwo, duk wuri ɗaya. Mun gwada wasan sau arba'in da kwalaye a kan tebur. Sau talatin da shida, wanda ya riga kama Tungar Nagode shi ya ci. To wannan ai ba wasan dabara ba ne, tsere ne."

"Sai ka ce mi?"

"Na ce ta shafe shi da shuni, ta mai da wurin tafki, kowa ya zagaya. Ai yanzu ma ruwa ne a wurin, tun kafin a haife mu. Ta ƙi, ta ƙi, daga baya ta yarda. Ta ce ta ma sayi shunin, Laraba za ta shafa. Yau ke nan."

"To in ta yarda, mi ya kawo faɗa?"

"Ɗigo ɗaya, ranka ya daɗe. Gabas da falalen dutsen. Na ce mene ne wannan? Ta ce kakarta ta sa yatsa a wurin ta ce a yi alama, ba ta faɗi ko mene ne ba. Ba rijiya ba, ba gona ba. Hanifa ta ce ko an yi tafki a bar ɗigon. Na ce a wasa, abin da ba ya ba ɗan wasa komai ba a sa shi. Na ce duk a nutsar da su, a huta. Na ɗaga murya, ban kyauta ba."

"Wa ya ji ku?"

"Ni dai a nan babu kowa. Amma wayarta sai a lasifika take magana. Wata uku ina cewa ta kawo in gyara."

Nasidi ya kwance hankici ya shimfiɗa a kan tebur tsakanin wayoyin. "Iri nawa ka gani nan?"

Anas ya sunkuya, ya duba da tabarau, ya cire ya duba babu tabarau. "Shinkafa ce."

"Na sani. Iri nawa?"

"Wata ta yi datti?"

Nasidi ya ƙulle hankicinsa. Mutumin Bakura, an haife shi a tsakiyar gonakin shinkafa, yana ce wa jar shinkafa datti. Ya yi niyyar yi masa wa'azi, sai ya tuna shi ma jiya ya tambayi Hanifa ko intanet ɗin nan a Kaduna take zaune. Ya bar wa'azi. Mai shayi da tela da mai faci duk sun tabbatar Anas bai ɗaga daga shago ba.

Daga ƙarƙashin wata bishiyar bedi ya kira Hanifa. "Ɗiyata, ina shunin da kinka saya?"

"Yana kan taga, Baba."

"Duba."

Ya ji tafiyarta. "Babu shi."

"Ranar da kuke faɗa da Anas, ina kike zaune?"

"Tsakar gida."

"Madalla. Kar ki yi kuka tukuna, ki ƙara ajiye shi."

A kan hanyar dawowa babur ya yanke shawarar ya gaji da aikin gwamnati. Nasidi ya tura shi kilomita biyu yana yi masa kalaman da ba a rubutawa, ya bar shi wurin makaniki. Wannan ne ya sa ranar Alhamis da sassafe ya je tashar Mafara neman motar Maradun, Hanifa na biye da shi, domin ya ce ta zo ta raka shi su gaida Iya. In da babur bai mutu ba, da bai zauna kusa da direba ba. Nasidi ya daɗe da lura cewa rabin basirarsa lalacewar babur ce.

"Shekaranjiya ka ɗauki wata tsohuwa mai ɗingishi, 'yar Kaya?" ya tambayi direban ƙasa-ƙasa.

"Iya? Ai kowa ya san ta. Tun hantsi ta zo ta ajiye jakarta. Na ce Iya, kin san ranar Talata mota ba ta cika sai kasuwa ta watse. Ta ce ta sani. Da azahar ta ce ta yi mantuwa, ta tafi da ƙafarta, ta dawo da ƙunshi a kai."

"Babba?"

"Kamar na zane biyu. Na ce a sa a but, ta ce in ta hau but ɗin tare da shi to."

Nasidi ya waiga. Hanifa na kujerar baya, idonta a kan gonaki, ba ta ji ba.

Duk da haka ya tsaya wurin Mas'udu a Maradun, domin aiki aiki ne, kuma ya taɓa rantsewa a kan wani mutum a sha'anin jaki ya ji kunya. Ya same shi kwance rub-da-ciki a rumfarsa kusa da ɗan ma'auninsa, ana ta warin man zafi.

"Malam Mas'udu, ina gajiya?"

"Gajiya ta ci ni, yallaɓai."

"An ce kana son ƙyallen wata yarinya a Mafara."

Mas'udu ya yi nishi. "Yallaɓai, ni aka cuta. Na ji labari wata 'yar boko tana da taswira, na'ura ta nuna mata inda zinariya take. Na je na gani da idona, rawaya-rawaya a jere. Da ta ƙi sayarwa, sai na haddace wuri ɗaya, bayan Damaga. Ban gaya wa kowa ba, don kar a raba da ni. Ni kaɗai na yi haƙa, Lahadi da Litinin."

"Mi ka samu?"

"Fasasshiyar tukunya. Da wannan bayan."

"Talata fa?"

"Talata mutum biyu sunka kai ni wurin mai ɗori a kan amalanke. Ka tambaya, duk Maradun ta yi dariya."

"Hanifa," in ji Nasidi, "gaya mishi yadda kinka zaɓi wurin nan."

"Ɗan wasan da ke kusurwar gabas ba shi da zinariya kusa," in ji Hanifa cikin ladabi, "sai na matso mishi da ita."

Mas'udu ya juya fuska ga bango. "Allah ya isa tsakanina da boko."

Suka isa Kaya rana na tsaka. Iya Lantana na zaune a inuwar rumbu, ƙafa a miƙe, faifai a cinya, tana tsince shinkafa. Yatsunta na tafiya su kaɗai, ba ta ko kallon su. Ta ga Hanifa, ta ga kakin Nasidi, yatsun suka tsaya, sannan suka ci gaba.

Aka yi gaisuwa yadda ta kamata. Ina wuni, ina gajiya, ina ƙafa, ina mutanen Mafara, ina hanya, ina ruwa, ina haƙuri da rashin da aka yi shekara shida da ta wuce. Nasidi ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar an karya kara.

"Nasidi, ka yi ƙiba," in ji Iya.

"Aikin gwamnati ne, Iya."

"Awo. Ke kuma ƙawata, kin rame. Wa ya hana ki abinci?"

"An sace min taswira, Iya," in ji Hanifa.

"Subhanallahi," in ji Iya, ta tsince wata ƙwaya ta ajiye gefe.

Nasidi ya gyara zama a kan turmi. "Iya, shawara na zo nema, don kin fi ni sanin mutane. Wani ɓarawo ne ya ɗaure min kai. Ya san inda makulli yake, ya buɗe, ya mayar. Ya bar kwamfuta da batir. Duwatsun da ke nuna zinariya ya share su lungu da tsintsiya, tare da gawayi. Amma abin da ake ci bai bari ya taɓa ƙasa ba. Ya kwashe kanwa, ya kwashe shinkafa, ya rufe da faifai saboda kaji. Kuma yana cikin sauri, ana iya shigowa a kama shi, amma ya kasa haƙuri ya ga ja da fara a haɗe. Ya zauna ya tsince su ɗaya bayan ɗaya."

"Mai hankali ne," in ji Iya. "Ja ba ta nuna tare da fara. Wanda ya haɗa su ya ɓata tukunya."

"Haka na ce. Sannan ya ɗauki ƙullin shuni, wanda ko kuɗin goro bai kai ba. Wanda ke son taswira don ya sayar, mi zai yi da shuni? Sai dai wanda ya san abin da za a yi da shunin, kuma ba ya son a yi. Mutum biyu sunka sani, Hanifa da Anas. Na uku sai wanda ke tsakar gida ranar Litinin, lokacin da waya ke magana a lasifika."

Hanifa ta juyo a hankali. "Iya?"

Iya Lantana ta ajiye faifai. Ta kama jikin rumbu ta miƙe, ta ɗingisa zuwa ɗakinta, ta ɗaga labule. Ba ta ce su shigo ba, ba ta kuma saki labulen ba.

Ƙyallen na shimfiɗe a kan gadonta, an miƙe kowace kusurwa, an lulluɓe shi da zanen sallarta. Tabarma na ƙasa da matashi, alamar nan ta kwana biyu. Ƙullin shuni na cikin wani kwano, an kife shi da wani kwanon, an aza dutsen niƙa a sama, kamar an kama kunama.

"Sau ɗaya anka cika garin nan da ruwa ina kallo," in ji Iya. "Munka kwashe kaya a kan jakai, munka hau tudu, ruwa yana tahowa kamar ba shi da gaggawa. Ban ce komi ba, don ba a tambaye ni ba. Yanzu kuma ina zaune ina shan magani, sai na ji wani yaro cikin waya yana cewa a nutsar da su a huta. A hannun jikata."

"Iya, da kin gaya min!" Kukan da aka ajiye tun Talata ya zo. "Da kin ce kar in shafa, wallahi ba zan shafa ba."

"Da na ce kar ki shafa, sai ki ce don mi."

"To don mi, Iya? Gidaje ne? Na san yana miki zafi, amma..."

Iya ta kau da kai ta kalli bango.

Nasidi ya matso ya dubi ƙyallen. Ga gulbi, ga fadama, ga falalen dutse. Gabas da shi ga ɗigon biro, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ƙyallen ya ɗan yi duhu a kewayensa, inda yatsa ya yi ta komawa. Sai muryar nan ta dawo masa, daga bayan danga, shekara arba'in da wani abu: Abdulmumini! Abdulmumini! Ya tuna uwarsa shi, wadda har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayansa ba, sai dai "kai wannan", ko ta aiki wani ya kira shi. Haka kowace uwa take yi da ɗan fari. Shekara arba'in yana jin Iya na kiran Abdulmumini da cikakken suna a gaban kowa, kuma shi da ake biya albashi don ya lura da abubuwa bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

"Hanifa," ya ce a hankali, "kowa ya ɗauka babanki ne ɗan farin Iya. Ni ma haka. Amma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ita kuma tana kiran nashi har ƙauye ya amsa. Akwai wanda ya riga shi. Ba ta iya faɗa miki ba, don ba a maganar ɗan fari, ko yana raye ko ba ya raye. Abin da ta iya shi ne ta sa yatsa ta ce a yi alama."

Wata kaza ta leƙo ta koma.

"Wata bakwai," in ji Iya, ga bango take magana. "Ƙyanda. Kabarin ba nisa da falalen, don in ina shanya in riƙa gani." Ta gyara bakin zanenta. "Da bazara, in ruwa ya ja baya sosai, kan falalen na fitowa. Nakan ba mai kwalekwale goro ya kai ni. In na ga dutsen, na san inda zan duba. Bana ƙafa ta hana. Sai ga shi kin zana min, har ina iya taɓawa."

Hanifa ta durƙusa ta rungume ƙafafunta, har da mai ciwon. Iya ta ce, "Ke, za ki ƙarasa ni," amma ba ta janye ba.

Can Hanifa ta ɗago, hawaye na zuba, amma idon ya koma irin na masu lissafi. "Iya, kin ce da bazara yana fitowa?"

"In ruwa ya ja."

"Wata nawa?"

"Biyu. Wata shekarar kuma wata ɗaya da rabi."

Hanifa ta miƙe ta tsaya kan taswirar, yatsa na yawo daga kusurwa zuwa kusurwa. "Baba, ka gani? Wasanmu yana da damina da rani, amma ƙasar ba ta canzawa. In tsakiya ta zama tafki yawancin shekara, babu wanda zai yi tsere ya kama ta. In bazara ta yi, ruwa ya ja, Tungar Nagode ta fito. Kowa na iya zuwa ya yi kiwo, ya ɗebi abin da zai ɗiba, amma ba mai iya gini, don ruwa zai dawo. Ba wanda zai mallake ta. Kowace shekara ta wasa sai an jira ta." Ta share fuska da mayafi. "Shuni ma ba sai na shafa ba. Zare shuɗi zan kewaya."

"Ban gane ba," in ji Nasidi, "amma na ga kin daina kuka. Ɗigon fa? Anas ya ce ba ya ba ɗan wasa komai."

"Zai zauna."

"In ya yi gardama, ki ce mishi Sufeto na da tambayoyi game da jar shinkafa."

Iya ta cire zanen sallarta daga kan ƙyallen, ta fara naɗe shi da kanta. Hanifa ta riƙe hannunta.

"Iya, mi sunanta? Ko sunanshi?"

Iya ta zare hannu. Ta fita, ta koma inuwar rumbu, ta ɗauki faifai. Suka biyo ta suka tsaya. Ta tsince ƙwaya ɗaya, ta tsince ta biyu. Sannan ta dubi Nasidi, ba Hanifa ba, ta yi magana kamar mai ba da labarin farashin gero.

"Ranar Asabar anka haife ta. Da hantsi."

Hanifa ta koma ɗaki. Ta buɗe ƙyallen daidai wurin, ta ciro biro, ta rubuta Asabe a gefen ɗigon, da ƙananan baƙaƙe.

Nasidi ya ciro hankici zai share ido, ya manta abin da ke ƙulle a ciki. Shinkafa ta watse a ƙasa, ja da fara a haɗe.

"Kai dai Nasidi," in ji Iya, "tun kana yaro." Ta miƙa masa faifai. "Durƙusa ka tsince."

Ya durƙusa.